A Fara Cire na Gida

Khairiyya ta hau kan benci da tsumma a kafaɗa, ta zare wayar wuta daga bayan farin akwatin, ta sauko da shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ruwan da aka kwana ana yi ya sami kafa a rufin kwano, yana ɗiga daidai kan katakon da akwatin yake zaune. Ta goge shi sama da ƙasa, ta goge 'yan ƙahonninsa biyu, ta tsane katakon, ta matsar da shi inda ɗigon ba ya kaiwa, sannan ta mayar da wayar. Fitilun suka yi ja, suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Ta sauko ta ci gaba da shara.

Rauta ake kiran akwatin. Shi ke kawo intanet a ɗan asibitin ƙauyensu, da ke gefen hanyar Kebbe zuwa Fakku. Wata biyar ke nan da wani mai suna Gazali ya zo daga Tambuwal ya haɗa shi, ya kafa masa doguwar sanda a kan rufi. Khairiyya ce ta riƙe masa tsani a ranar, kanta a ƙasa har ya gama.

Shekara ɗaya da rabi tana shara a asibitin. A aji biyar na firamare karatunta ya tsaya, shekarar da mahaifinta ya rasu, amma a nan ta ci gaba da nata karatun ba wanda ya sani. In tana jera katunan mata masu awo takan karanta sunayen a zuci, ta karanta jikin kwalayen magani kafin ta kai su bola. Ba ta da wani wuri a duniya da take so kamar ɗakunan nan uku masu warin dettol. Magana ce dai ba ta iya ba. Anti Saudatu, ungozomar asibitin, Malama Shiru take ce mata.

Ranar Alhamis ce, ranar rigakafi, kuma ƙarshen wata. Kafin hantsi mata sun cika baranda da goyo, wasu sun shimfiɗa zane a tsakar gida. A waje kuma, gindin dogonyaron da ke jingine da katangar asibitin, maza sun fara taruwa kamar yadda suka saba a 'yan makonnin nan, kowa da waya a hannu.

Anti Saudatu ta fito daga ɗakin allura riƙe da kwamfutar hannun da kowa a asibitin ke kira allo. A cikinta ake shigar da sunan kowane yaro da allurar da aka yi masa, daga cikinta kuma ake aika rahoton wata zuwa Kebbe. Da rahoton ake raba wa kowane ƙauye alluran wata mai zuwa, kuma ƙarfe huɗu ake rufe karɓa.

"Malam, duba min abin ga," ta ce da Malam Ubaidullahi, shugaban asibitin. "Tun ɗazu shina ta juyi kamar akuya a turke. Ya ƙi shiga."

Malam ya karɓa, ya nesanta allon da fuskarsa don ya bar tabaransa a gida. Ya kashe, ya kunna. Ya gwada tasa wayar, ita ma ta ƙi shiga. Ya je ya tsaya ƙarƙashin akwatin yana kallonsa, sai ya lura ba a inda yake kullum yake ba.

"Wa ya taɓa wanga abu?"

Khairiyya tana bakin ƙofa da bokiti. Ta ji kamar ta shige cikinsa.

"Ni ce, Malam. Ruwa ke ɗiga mishi."

"Kin cire wayar?"

"Na cire, na maida."

Malam ba mai ɗaga murya ba ne, abin da ya sa maganarsa ta fi zafi ke nan. Ya dube ta ya ce, "Tsintsiya anka ba ki, Khairiyya, ba akwati ba. Watan da ya wuce mun makara, an yi min kashedi gaban mutane a Kebbe. In fuɗu ta yi rahoton ga bai tafi ba, za a tambaye ni dalili, ni kuma zan faɗi wanda ya taɓa. Gobe ki yi zamanki gida."

"Haba Malam," in ji Anti Saudatu, "da ta bar shi ruwa ya cinye fa?"

"Ki koma ga alluranki, Saudatu."

Khairiyya ta ajiye bokitin a bayan ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon yatsun ƙafarta, tana tunanin yadda za ta shiga gida ta gaya wa Inno, mahaifiyarta, da kuma yadda gobe wata za ta jera katunan nan ba tare da ta karanta ko suna ɗaya ba.

Malam ya cire wayar akwatin da kansa ya mayar, har sau biyu. Fitilu suka yi kore, allo ya ci gaba da juyi. Da azahar ta gabato ya haƙura ya kira Gazali. A cikin ɗakin kira ba ya tafiya sai an kai waya bakin taga, don haka ya tsaya can, hannunsa ɗaya a waje tsakanin ƙarafuna, ya buɗe muryar wayar yadda kowa a ɗakin zai ji.

"Injiniya, ko za ka taso? Abin naka ya lalace."

"Malam, ko na taso ina zan bi? Gulbi ya cika tun asuba, 'yan kabu-kabu duk sun dawo. Mi allon ke cewa?"

Malam ya kira Anti Saudatu ta karanta masa ta koma. Gazali ya ce, "To, bai lalace ba. Lamba yake nema ba a ba shi ba. Kwamfutar tebur da na haɗa da waya tana aiki? Yawwa. A zauna gabanta, a ɗauko takardar da na rubuta kalmar shiga."

"Wace takarda?"

"Wadda na bari nan asibiti."

Malam ya ɗora wayar a bakin taga, ya jawo aljihun tebur ya zazzage, ya buɗe rajista yana kaɗawa. Sai da ya fara ɗaga kwalayen magani sannan Khairiyya ta ce, da muryar da ba ta wuce ta sauro ba, "Tana manne ƙarƙashin akwatin."

"Mi kinka ce?"

"Ƙarƙashinshi take. Na gan ta da ina gogewa."

Gazali ya yi dariya a waya. "Wannan mai riƙe tsani ce ko? Khairiyya? Kin iya karanta boko?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin ya isa. Malam, ka tsaya bakin taga kada kiran ya yanke, ka bar ta ta zauna."

Malam ya duba baranda, layin mata bai ragu ba, Anti Saudatu ba ta da hannun da za ta ara. Ya dubi ƙananan haruffan da idonsa ba ya gani. Ya nuna wa Khairiyya kujera da haɓa. Kujerar da take gogewa kullum ce, ba ta taɓa zama a kanta ba. Ta ɗosana a bakinta.

Gazali ya riƙa faɗa mata lambobi tana dannawa da yatsa ɗaya: ɗaya, tara, biyu, ɗigo, ɗaya, shida, takwas, ɗigo, ɗaya, ɗigo, ɗaya. Ta kwafe kalmar da ke takardar harafi harafi, ta yi kuskure sau ɗaya ta sake. Wani shuɗin shafi ya buɗe cike da Turanci.

"Kada Turancin ya ba ki tsoro. Ki nemi haruffa fuɗu manya a gefen hagu: D, H, C, P."

Ta bi da yatsa har ta same su. Ta danna.

"To ki saurara, don in kin gane shi kin gane komi. Duk wayar da ta shigo, sai akwatin ya ba ta lamba, kamar katin layi da kuke ba mata masu awo. Wadda ba ta da lamba ba a yi mata magana. Shi da kanshi yake rabawa, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Ni kuma goma kacal na ce ya raba, daga ɗari zuwa ɗari da tara, don kayanku ba su wuce fuɗu ba. Kin ga wani jeri a ƙasa? Layi nawa ne?"

Ta ƙirga. "Goma."

"Goma? Karanta min."

Wasu layukan lambobi ne kawai da sunayen da ba ta gane ba. Wasu kuwa masu wayoyin sun sa musu sunayensu. Ta karanta na farko a hankali. "Mannir mai shayi." Ta ɗan dakata. "Ɗan'iya. Ladan." Ta kai layi na bakwai ta tsaya.

"Ci gaba mana."

"Jumare."

Baba Jumare surukin Malam ne, uban matarsa, dattijo mai shanu da ake tashi tsaye in ya shigo. Yana nan a waje a lokacin, ana hango farar hularsa ta taga, zaune a kan buzu a gindin dogonyaro.

"Malam," in ji Gazali, "asibiti na haɗa wa intanet ko majalisar dattawa? Abin da ya faru ke nan. Da anka cire wuta akwatin ya manta rabon jiya, ya fara sabo. Mutanen waje suna kusa, wayoyinsu a kunne, sunka kwashe goman kafin a kunna allo. Ko sau ɗari kunka kashe shi su za su riga ku. Wa ya ba su kalmar sirri?"

Wani jariri ya tsala kuka a ɗakin allura.

Khairiyya ta sani. Makonni uku da suka wuce aka yi sunan ɗan Malam, gidansa kuwa katanga ɗaya da asibiti. Tana raba ruwa a ranar ta ga Baba Jumare ya miƙa wa Malam waya, yana so ya nuna jaririn ga ɗansa da ke Ikko. Malam ya karɓa da hannu biyu ya shigar masa da kalmar. Sai na kusa da Baba ya miƙo tasa, sai na gaba. Ranar suna ce, a ƙofar gidansa suke, wa zai kalla ya ce a'a? Tun daga ranar take share ɓawon gyaɗa da tuƙar rake a gindin dogonyaro kowace safiya.

"Khairiyya," Gazali ya ce cikin wasa, "ko ke kinka rabar?"

Ta ɗago ido ta dubi Malam. Bai dube ta ba. Hannunsa na waje, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, yana kallon ƙasa kamar yadda ta yi ɗazu. Kalma biyu za ta faɗa laifin ya tashi daga kanta.

"Baƙi ne, Injiniya," ta ce. "Baƙi sunka zo."

"To, baƙin sun ci sun ƙoshi. Abu mai sauƙi ne. Mu canja kalmar sirri, kowa ya fita, shi ke nan."

"Tsaya tukuna," in ji Malam da sauri. Ya rage murya. "Ba za a ƙara lambobin ba? A mai da su hamsin?"

"Za a iya. Amma in mutum hamsin sunka hau, datar wata ba za ta kai sati ba, wata mai zuwa ku aika rahoto da tantabara. Canja kalma kawai, Malam. Ƙarfe biyu ta wuce fa."

Malam ya leƙa ta taga. Baba Jumare ya ɗaga waya kusa da fuskarsa yana dariya, da alama da ɗan nasa yake magana. In aka canja kalmar, maganar za ta yanke a tsakiya. Dattijon ba zai yi faɗa ba. Zai taso ne da sandarsa ya zo bakin wannan tagar, ya miƙo waya ya ce, Ubaidu, abin ya tsaya, kuma duk majalisar za ta zuba ido ta ga ko surukin zai karɓa ko zai ce a'a.

Khairiyya tana kallon layuka goman. Abin da ya zo mata a rai shi ne tukunyar Inno. Gidansu ba ya rabuwa da baƙi tun mahaifinta na da rai, masu zuwa kasuwa daga rugage duk nan suke sauka. Inno ba ta taɓa korar kowa ba, kuma ba ta taɓa barin mai gida da yunwa ba. Da ta sauke tuwo, kafin ta dubi kwanon kowa, takan kwashe nasa ta rufe da faifai ta ɗora kan randa. Ko ya kai magariba a gona zai tarar da shi. Sauran kuwa a raba, wanda ya samu ya samu.

Sau biyu ta haɗiye maganar. A na uku ta fito.

"Injiniya, ba a iya cire na gida tukuna?"

"Kamar yaya?"

"A ɗebe wa allo lambarshi a rufe, ko shina nan ko ba shi nan kada a ba kowa. Sauran sai baƙi su raba."



"Ana iyawa," in ji Gazali. "Akwai wurin yin haka nan ƙasan inda kike. Ni ya kamata in yi tun ranar farko, ban yi zaton za a kai goma ba. Wa ya koya miki?"

"Inno."

"A gai da Inno. Juya allon, na manna wata 'yar takarda a bayanshi mai haruffa da lambobi goma sha biyu, bibbiyu. Wannan ita ce lambar da ya fito da ita daga masana'anta, ba wani mai irinta. Da ita akwatin zai gane shi."

Ta juya allon. Takardar ta ɗan koɗe, sai da ta kai ta haske ta tabbatar wani harafi B ne ba takwas ba. Ta shigar da su bibbiyu tana karantawa a fili, Gazali na amsawa da to. A ɗaya gurbin ta rubuta ɗari da ɗaya. Ta yi wa kwamfutar tebur haka, ta ba ta ɗari. Anti Saudatu ta leƙo da auduga a hannu ta miƙo wayarta ba tare da an tambaye ta ba.

"Ga tawa, Malama Shiru. Ashe bakin nan na magana, injiniya yake jira."

Khairiyya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Gazali ya faɗa mata inda ake ganin lambar waya a cikin wayar, ta ba ta ɗari da biyu.

"Ki duba kuma inda anka rubuta tsawon lokaci," in ji Gazali. "Kwana bakwai na sa. Mai da shi awa biyu, don wanda ya tashi ya tafi gona kada ya tafi da lambar, ta dawo wani ya samu. Saura ta Malam, sai ki adana. Fuɗu na gida sun isa, shida na waje."

Khairiyya ta miƙa hannu don karɓar wayar Malam, sai ta tuna da ita ake magana. Malam ya jawo hannunsa ciki kaɗan, ya tsaya. Ya sake duban waje.

"Layi na bakwai," ya ce. "Lambarshi ta fito a nan?"

"Ta fito, Malam."

"Ki cire mishi."

"To taka fa?"

"Ni zan bi layi."

Ta kwafe lambar wayar Baba Jumare, ta ba shi ɗari da uku, ta danna inda Gazali ya ce. Akwatin ya kashe kansa. A waje aka ji majalisa ta ɗan yi gunaguni, kawuna suka ɗago. Fitilu suka yi ja, suka koma kore. Khairiyya ta ɗora allon a cinyarta tana kallon 'yar da'irar da ke juyi. Da'irar ta juya sau uku, ta tsaya.

"Anti," ta kira, a karon farko da muryarta ta kai ɗaki na biyu, "ya shiga."

Ƙarfe uku da rabi Anti Saudatu ta shigar da yaro na ƙarshe ta aika rahoton. Saƙo ya dawo daga Kebbe cewa an karɓa. Mata suka watse, baranda ta rage daga ledoji sai takalmin yaro wari ɗaya. Khairiyya ta ɗauki tsintsiyarta, ba ta san ko sharar ƙarshe take yi ba, don Malam bai ce komai ba tun da ya ajiye waya. Ya yi alwala, ya tafi la'asar, ya dawo ya zauna yana rubutu.

Tana wanke bokiti ya fito da makulli a hannu. Ya tsaya yana danna wayarsa, ta ga 'yar da'irar tana juyi a kanta. Mutanen dogonyaro sun riga shi. Ya mayar da ita aljihu.

"Rufin can," ya ce, yana kallon sama ba ita ba, "gobe zan kira mai gyara. Ki zo da wuri ki nuna mishi inda ke ɗiga."

"To, Malam."

"Takardar ƙarƙashin akwati kuma, ki kwafe ta a wani wuri ki ajiye hannunki. Ta fara koɗewa."

Ya fita ta ƙofar gaba. Ta ji shi ya durƙusa yana gai da Baba Jumare, dattijon yana ce masa abin nan yau ya ɗan yanke amma ya dawo da ƙarfi, Allah ya yi albarka. Khairiyya ta shanya tsumma a kan igiya, ta koma ciki ta ɗauki wani tsohon katin awo da biro. Ta tsaya a gaban kujerar na ɗan lokaci, sannan ta jawo ta ta zauna sosai, ta fara kwafewa.